Ranar da Haladu Ya Hana Abdulghaffar Amshi

Haladu haifaffen Jidda ne, jikan alhazan da suka taso daga ƙasar Katsina a ƙafa ba su koma ba. Tun yana saurayi yake dako a tashar jiragen ruwa, kuma shi ke ba da waƙa idan ana jan kaya mai nauyi: ya ɗaga murya, 'yan dako su amsa, igiya ta motsa. Ba a san shi da faɗa ba. Cikin 'ya'yan da suka haifa da matarsa Zakiya, Rafi'u kaɗai ya rayu.

Wajen 1964 wani ma'aikacin jirgi ɗan Brazil ya bar wa Rafi'u faifan garmaho da tsohuwar jita. Mawaƙin da ke faifan sananne ne a ƙasarsu, shi ke tsara waƙoƙinsa, yana rera su ƙasa-ƙasa kamar mai magana da mutum ɗaya. Rafi'u bai fahimci kalmomin ba, amma ya kama tafiyar kiɗan. A kanta ya ɗora tasa waƙar, rabi Hausa rabi Larabci, game da masu tsayawa bakin teku suna kallon jirgin alhazai yana tafiya da 'yan'uwansu.

Ya kai wa Abdulghaffar, babban mawaƙin bikin unguwarsu, ko zai sa shi cikin tawagarsa. Abdulghaffar ya saurara sau da yawa, sannan ya ce muryar yaron ba ta nuna ba tukuna. Kafin shekara ta fita zazzaɓi ya ɗauke Rafi'u. Ba a daɗe da tashi daga makoki ba waƙar ta cika bukukuwa, kowa na cewa sabuwar waƙar Abdulghaffar.

Haladu ya same shi a gahawa, shagon shan shayi.

"Waƙar nan ta wace ce?"

"Ya ammi, baffana, ɗanya marigayi ya kawo min ita, ni na dafa. Halas, shi ke nan."

"Sunansa kawai za ka faɗa."

"In faɗi sunan wa a gaban manyan mutane? Wa ya san shi? Sha shayi, ya ammi."

Haladu bai sha ba.

Abin da Abdulghaffar ya manta shi ne 'yan amshinsa 'yan dako ne da rana, kuma a bakin Haladu suka koyi amsa waƙa. Haladu ya bi su gida-gida. Bai ce a taɓa kowa ba. Ya faɗa musu abin da yake so, ya ce su jira bikin ɗan wani babban attajiri, inda duk masu gayyatar mawaƙa za su hallara.

Ranar, bayan la'asar, fili ya cika. Abdulghaffar ya ɗaga waƙar, ya miƙa hannu wurin amshi. Shiru. Ya sake. Makaɗa suka sassauta, suka tsaya.

"Yalla ya shabab, haba samari, me ya faru?"

Salihu, babban ɗan amshinsa, ya ce, "Muna jira mu ji mai waƙar, ya ustaz."

Abdulghaffar ya dubi attajirin, ya dubi taro, gumi na sauko masa. Ya faɗi sunan a ciki-ciki.

Daga bayan fili Haladu ya ce, "Ƙarar jirage ta kashe min kunne. Ɗaga murya."

"Rafi'u ɗan Haladu."

'Yan amshi suka juyo wajen Haladu suna jiran izininsa kafin su amsa. Haladu ya sa takalmansa ya fita, su ma suka bi shi, suka bar Abdulghaffar tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili.

Tun daga nan gayyata ta yi masa wuya. Waƙar kuwa ta ci gaba a bakin wasu, kuma ba mai fara ta sai ya ambaci Rafi'u. Haladu ya yi dako har ƙarfinsa ya ƙare. Da ya kwanta ciwon ajali, Abdulghaffar ya zo neman gafara. Zakiya ta tambayi mijinta ko ta ce masa yana barci.

"Kada ki yi ƙarya," in ji Haladu. "Ce masa idona biyu, kuma ba zai shigo ba."