Ɓarawon kawa ya shiga hannu

Hajiya Rabi ta dire kwandon kawa, wato naman tekun nan mai ɓawo biyu, a kan teburin shagona, a gaban masu saye. Gidan abinci gare ta a nan Lyon ta Faransa, kuma duk cikin masu sayen kayana babu kamarta.

"Alhaji, dubi! Ɓawo lafiya lau, ciki wayam, ga 'yar huda kamar ta ƙusa. Ma'aikatanka ne ke tsotsewa? Wallahi daga yau na bar sayayya a shagon nan."

Na zazzage kwandon, na tsinto wani ɗan dodon koɗi na teku manne a bayan wata kawa.

"Ga ɓarawonki, Hajiya. Hawa yake yi, ya jiƙa ɓawon da yawunsa ya yi laushi, ya dinga gogawa da harshe mai kaifin magagari. Sai ya yi kwanaki yana huda, sannan ya zura baki ya shanye naman."

Ta riƙe haɓa. "Wannan ɗan mitsitsin? A wace jami'a ka koyo?"

"Jami'ar dako, Hajiya. Kasuwar Rungis, can Paris."

Ta tuntsire da dariya, ta ce a ƙara mata kwando biyu.

Ban yi nisa a karatun lakkol ba, amma yau ilimina ya fitar da ni kunya. Ku fa, me sana'arku ta koya muku?