Rakiyar Kaka Neman Iyakar Gona

Dutse

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, muka fito ni da kakana Malam Ilu, tsohon mai fito. 'Ya'yan ƙanensa biyu, Sale da Habu, sun daina gaisawa a kan iyakar gona a ƙauyensu na ƙasar Miga, kuma shi kaɗai ya rage cikin shaidun rabon. Ni kuwa an haɗo ni da shi ne don in riƙa tuna masa shan magani.

"Amarya, kin iya ruwa?" ya tambaye ni a tasha. "Kogin garinmu fa ba randar gidanku ba ne."

Kiyawa zuwa Jahun

Bakwai saura muka tsaya Kiyawa, muka karya da koko da ƙosai. Daga nan har Jahun Kaka bai bar kowa ya ji rediyo ba, sai labarin shanun da ya haurar a jirgi, da kifin da sai ƙarti biyu ke ɗauka.

Direba ya ce, "Baba, yaushe rabonka da can?"

"Kwanan nan. Shekara ashirin."

Bakin kogi

Goma da kwata 'yan acaɓa suka sauke mu. Na duba gabas, na duba yamma: yashi, sai ciyawar kacala da ta fi mutum tsayi.

"Angona, in cire takalmi ne, ko in jira jirgi?"

Sale da Habu na nan tsaye suna jiranmu, kowa a gefensa. Sale ya ce tun da aka datse ruwan can sama, ambaliyar da ke wanke hanyar kogi ta rage zuwa. Yashi ya cike ta a hankali, kacala ta toshe saura, ruwa ya koma bi ta bayan gari. Iyakar da aka ce "bakin kogi" ta tashi ta bar su da rigima.

Kaka ya yi ta zagaye yana caka sanda, sannan ya ce a tona nan. An kai zurfin gwiwa sai ga turken da yake ɗaure jirginsa. Ya tsuguna ya dafa shi, ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe ya dubi Sale da Habu.

"Daga nan zuwa waccan tsamiyar na Sale ne, sauran na Habu. Ku ba juna hannu, kafin wannan mai bakin ta kai labarinku Dutse."

Suka ba juna hannu, Habu na share ido da hula.

Gida

Ana kiran magariba muka iso. Godiya ga Allah da ya dawo da mu lafiya, da kuma matar Habu da ta cika mu da dambu. Kakata ta tare mu a zaure.

"Malam, ya kogin naka?"

Ya ajiye sanda. "Ya yi tafiya. Ba mu same shi a gida ba."