Dutsen Kabarin Mercy

Ban taɓa ganin mai zargi irin maƙwabciyata Arvilla Crowell ba. Ko kek ka kai mata sai ta ɗaga farantin ta leƙa ƙarƙashinsa. Ita ce mai tantance asali a ƙungiyar jikokin Gwamna Holbeck, mutumin Ingilan da ya fara mulkin garinmu na bakin teku shekaru ɗaruruwa da suka wuce. In ta ce kai jika ne, ranar walimar shekara ka zauna a dogon tebur kusa da murhu. In ta ce a'a, ka sha miyar kifinka a bakin ƙofa tare da mu 'yan rakiya. Ita ta wajen Mercy 'yar gwamnan ta fito. Ba miji, ba ɗa, wannan kujerar ita ce duk abin taƙamarta.

Wanda ya fi shan wuya a hannunta Lyman Sears ne, mai shagon fenti. Ya ce shi jinin Caleb ne, ɗan gwamna, alhali ga kabarin Caleb a tsohuwar maƙabarta, ya rasu yana jariri. Lyman ya ce ai al'adar mutanen da ce, in yaro ya rasu a mayar wa ƙaninsa sunan.

"Na san al'adar tun kafin ka iya sa wando," in ji ta. "Nuna min Caleb na biyun. Ba na karɓar wataƙila."

Ya nema har ya yi furfura, bai samu ba.

Bara guguwa ta tumɓuke wata tsohuwar bishiya a maƙabartar, saiwarta ta ɗago wani ɗan dutse. An rubuta: Mercy, 'yar Gwamna Holbeck, ta rasu tana shekara biyu.

Arvilla ta ce aikin Lyman ne. Ta ja ni muka je, ta durƙusa da gwiwoyinta masu ciwo, ta shinshina dutsen ko za ta ji warin fenti, ta kankare gansakuka da farce. Ta tuhumi masu saran bishiyar, ta tuhumi mai sharar coci, ni ma ta tambaye ni ina nake ranar guguwar. Na ji haushi ƙwarai, amma daga baya sai tausayi ya kama ni. Dutsen na gaske ne, kuma ta fi kowa sani. Ta shafe watanni tana neman Mercy ta biyu, ba labari.

Ranar walima shugaban ƙungiya ya ja mata kujerarta.

"Zauna, Arvilla. Kowa ya san an haifi wata Mercy daga baya. Haka suke yi."

"Wa ya gan ta?" Ta kalle shi sama da ƙasa. "Wannan kirkin naka, me kake nema a wajena?"

Ta ɗauki kwanonta ta ratsa zauren har bakin ƙofa. Lyman ya matsa mata a benci.

"Sanyi na shigowa ta nan," ta ce.

"Tun ranar da kika turo ni nan yake shigowa." Ya juyo ya kalle ta. "Da kin yarda da wataƙila sau ɗaya, 'yar uwa, da yanzu mu biyun muna jin ɗumi."

"Na sani. Shi ya sa har yanzu ban wanke ka a kan bishiyar nan ba."

Lyman ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Miyarta ta huce a gabanta tana kallon kujerar, don ta ga wanda zai fara kai mata hannu.