Tukunyar da Ta Kusa Cinye Albasar Kaka

Ranar wata Asabar ce a watan Fabrairu, shekarar da nake aji biyar a firamare, na kai wa ƙasa sara da fartanya a lambun kakata na ji ta ce ƙwas. Na san ba dutse ba ne, domin a wannan gefe na fadamarmu ta Argungu sai ka wuni kana haƙa ba ka ci karo da tsakuwa ba. Kaka Tumba, mahaifiyar babana, ita ta sa ni in buɗe wa ruwa sabuwar hanya a can saman lambun, inda fadama ta haɗu da tudun da tsofaffi ke cewa kufai ne, wato an taɓa yin gari a wurin aka tashi. Na durƙusa na tona da hannu, sai ga bakin tukunya an kife shi da kasko, kaskon ya tsage daidai inda fartanyata ta same shi. Da na ɗaga, sai na ga wuri, kuɗin mutanen da, fari fat cike da ita har wuya, a samansa kuma wasu kuɗin ƙarfe masu huji a tsakiya, sun yi kore, an zura su a wani zare da ya zama gari ina taɓa shi. Na ƙwala wa Kaka kira da irin muryar da ake kiran mutane idan an ga maciji.

Wannan lambu shi ne cinmu, shi ne shanmu. Babana masunci ne, da ruwa ya ja baya yakan bi kogi da jirginsa ya yi kudu, sai ya yi wata uku ba mu sa shi a ido ba. Mahaifiyata tana gida da ƙannena, don haka aikin lambu ya faɗo kan Kaka da ni, babbar jikarta. Fangali ashirin da huɗu ne na albasa, kowanne na san shi kamar ɗakin kwananmu. Da hannuna na yi dashen rabinsu, bayana kamar zai balle. Kullum kafin in tafi makaranta sai mun ja ruwa a rijiyar lambu mun shayar da su, idan na dawo kuma in cire ciyawa, in kori awakin mutane, in tsinko lawashi kaɗan na miyar dare. Albasar nan idan an cire an kai kasuwa ita ce hatsinmu har damina, ita ce rigar makarantata. A ranar da na fasa kaskon nan saura mako uku a cire ta.

Kaka ta zo ta leƙa tukunyar. Ban ga murna a fuskarta ba ko ƙanƙani, abin da ya ba ni haushi ke nan, domin ni a raina har na sayi keke na ɗinka kayan salla kala uku. Ta tuɓe mayafinta ta naɗe tukunyar, ta sa a kwando, ta lulluɓe da lawashi, sannan ta kama kunnena a hankali ta ce, "Kulu, abin ga da kinka gani, ki bar shi cikin cikinki har mu cire albasa. Kin jiya?" Na ce na ji. Abin da ban faɗa mata ba shi ne, tun kafin ta iso na riga na ƙulle kwabo ɗaya a bakin zanena.

Ni kuwa Allah bai yi ni da riƙe magana ba, kowa a gidanmu ya shaida. Na daure Asabar, na daure Lahadi ina goge kwabon da toka da lemun tsami har tauraron da ke jikinsa ya fito, da rubutun boko da na Larabci. Ranar Litinin da aka fita tara, muna zaune a gindin dalbejiya muna carafke, wata yarinya ta cinye ni sau uku a jere tana yi mini dariya. Sai na kwance bakin zane na ce ta ci gaba da wasa da duwatsunta, mu a gidanmu da kuɗin mutanen da muke wasa, kuma tukunya guda gare mu. Kafin a kaɗa ƙararrawa kwabon ya zaga hannu ya fi talatin. Kafin a tashi makaranta mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta ji cewa azurfa ce. Da na iso unguwarmu, azurfar ta zama zinariya, tukunyar ta zama tulu bakwai, har wani ya rantse ya ga ana ɗaukar su a kan jaki.

Bayan la'asar na tafi korar awaki, tun daga nesa na hango mutane a lambunmu. Maza ne sun kai goma sha biyar, da diga da shebur da magirbi, a gabansu Baffa Sanda, ɗan wan kakana, mutumin da ban taɓa ganin ya ja mana guga ɗaya ba. Sun fara daga ramin tukunyar sun gangaro, har sun gama da fangali uku. Albasar da na dasa tana warwatse a kan ƙasa, wata an raba ta biyu, warinta ya cika wurin. Na san bakina ne ya kawo su. Ban san lokacin da na zura da gudu na faɗa fangali na huɗu ba, na zauna daram a tsakiyarsa na baje ƙafafu, daidai inda Baffa ya ɗaga diga. Ya daka mini tsawa in tashi. Hawaye na zuba, amma na ce, "Baffa, sai dai ka sare ni tare da ita." Ya sa a ɗauke ni, na ciji hannun wanda ya fara taɓa ni, kuma har yau ban yi nadamar wannan cizo ba.

Ana cikin haka Kaka ta iso da kwando a kanta, ba ta sauri, ba ta kuma gaida kowa ba. Baffa Sanda ya rage murya ya ce, "Inna, ƙasag ga ta kakanninmu ta, abin da ac cikinta gado na. Inda anka samu tukunya guda, akwai goma." Kaka ta shimfiɗa mayafinta a kan kunya, ta juye tukunyar gaba ɗaya, wuri ya zubo yar, kwabbai da aninai suka gangara. Ta dubi mazan ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ga zinariyarku nan. Wa ka ba ni kwandon albasa guda shi kwashe ta dut?" Wani ya ɗauki anini ya juya shi ya mayar. Baffa ya ce ai ta gasken tana can ƙasa, wannan ta sama ce kawai. Kaka ta ce, "To ku haƙa. Amma kowane fangali za ku taɓa, ku aje man buhun hatsi nan gabana tukuna. In kun iske zinariya taku ta, ko kallonta ba ni yi."

A nan na fara sanin halin mutane. Duk cikinsu kowa a shirye yake ya yi caca da albasar tsohuwa, amma babu ko ɗaya da ya yarda ya yi ta da hatsin rumbunsa. Wannan ya tuna an aike shi, wancan ya ce magariba ta kawo jiki, suka riƙa sulalewa da digarsu a kafaɗa. Baffa ne na ƙarshe, ya tafi yana cewa za a ji maganar a gaban manya. Ba a taɓa jin ta ba.

Na jira duka a ranar, ban samu ba, kuma da an doke ni da ya fi mini sauƙi. Kaka ta sa ni na tsince albasar fangali ukun nan ɗaya ɗaya, muka yanyanka muka shanya, muka yi ta cinta a miya har na tsane ta. A shekarar ban sami sabuwar rigar makaranta ba, tsohuwar aka saki kalmasarta. Muna yankan ne ta ba ni labarin da mahaifiyarta ta ba ta: yadda a da ake loda wa jaki wuri a je sayen gishiri, yadda daga baya aka zo da kuɗin ƙarfe aka ce su kaɗai za a karɓa a haraji, mutane suka wayi gari da buhunan wuri da ba mai so. Ita kanta ta yi ciniki da anini da kwabo da sisi, ta kuma ga ranar da naira ta zo ta kashe su. Ta ce ba ta san wanda ya binne tukunyar ba, amma ta san ya hana cikinsa abinci kafin ya cika ta. Daga baya malamin ajinmu ya zo da littafinsa, ya auna zurfin ramin, ya yi ta tambayata yadda tukunyar take zaune, yana takaicin yadda masu diga suka hargitsa wurin. Shi Kaka ta ba tukunyar ya kai gidan adana kayan tarihi. Kwabona kaɗai ta hana, ta zura masa zare ta rataya mini a wuya, ta ce duk ranar da bakina ya yi ƙaiƙayi in taɓa shi.

Yanzu ina zaune a Gwadangaji, ina koyarwa a Birnin Kebbi, Kaka kuwa ta daɗe da rasuwa. Yaran ajina ba su san wuri ba sai a jikin ƙwaryar ado, kuɗinsu a cikin waya yake. Lokacin da aka canza takardun kuɗi na tsaya a kasuwa da nawa a hannu, mai albasa ya ƙi karɓa, na koma gida na yi miya haka nan ina tuna mayafin nan a shimfiɗe a kan kunya. Bara wasu 'yan'uwana suka same ni da takarda, wai wani mai hali zai sayi lambun ya yi gini, kuɗin da zai bayar ya fi albasar shekara goma, sa hannuna kaɗai ya rage. Na shiga ɗaki na ɗauko kwabon na ɗora a kan takardar, na ce musu wannan ma a zamaninsa an sayar da gona dominsa, su ɗauka su sayo mini albasa ɗaya. Sun tafi suna cewa taurin kan Kaka na gada, ban kuma musa ba. Bana ma an cire albasa a lambun.