Mirza Shafkat da Wuƙar Albasa

Duk wanda ya zauna a lungunmu na bayan Anarkali, nan Lahor, ya san Mirza Shafkat, Allah ya jiƙansa. Akawu ne a tashar jirgin ƙasa har ya yi ritaya, siririn mutum mai tsabta, ba ya fashin jam'i. Aibinsa ɗaya, in ma aibi ne: tara tsofaffin littattafan labarai na Ingilishi, kuma sai bugun farko. Duk Lahadi, in masu gwanjon littattafai sun baje a bakin titi, za ka gan shi a tsugune yana sunsunar takarda kamar mai zaɓen mangwaro. In damina ta wuce, mata suka hau soro shanyar barguna, shi ma ya hau da nasa kayan, yana cusa musu ganyen darbejiya saboda ƙwari.

Wanda ya fi ji da shi wani labari ne mai juzu'i uku. Yadda ya fito daga maɗaba'a tun zamanin kakanni haka yake, bakin shafukansa a haɗe, ba a taɓa yanka su ba. A wajen masu wannan sha'awa, darajar ke nan. Da shi yake rufe bakin Kureshi, abokin hamayyarsa a teburin mai shayi.

"To me ke ciki, Mirza ji?" in ji Kureshi.

"Kai dai ba ka da irinsa."

"Watau kai ma ba ka sani ba."

Shekarar da aka yi masa aikin ido, likita ya hana shi ƙurar kasuwa. Ya zauna gida cikin ƙunci, yana ɗaukar littafin yana leƙa tsakanin shafukan da ido ɗaya. Matarsa, Begum Zaitun, ta gani, tausayi ya kama ta. A zatonta laimar damina ce ta manne takardun, bawan Allah yana jin nauyin faɗa. Ran Juma'a da ya tafi masallaci ta wanke wuƙar albasa, ta yi bisimilla, ta bi na ɗaya da na biyu shafi-shafi. Na ukun ne ba ta kai ba, miyar wakenta ta fara kamu.

"Baban Nighat, ga su na buɗe maka," ta ce da ya dawo. "Saura ɗaya, sai gobe."

Mirza ya zauna daɓas a ƙasa. "Inna lillahi! Begum, kin kashe ni! Abin da ya tsira daga teku, ya tsira daga rikicin raba ƙasar nan biyu, bai tsira daga wuƙar albasarki ba!"

"Na wanke ta fa."

Ya kulle na ukun a akwati, ya rataya makullin a wuya, don shi kaɗai ya rage masa na tunkarar Kureshi. Kwana da kwanaki ba ya yi mata magana, sai dai ya gaya wa bango cewa shayin ya huce.

Wata safiya ya buɗe na ɗaya, wai duba ɓarna. Duba ɓarnar ya kai shi la'asar. Ba a jima ba maƙwabta suka fara jin sa ta taga yana faɗa da mutanen cikin littafi: "Kada ki yarda da shi, yarinya, maƙaryaci ne!" Na biyu kuwa ya ƙare daidai inda yarinyar ta hau keken doki da maƙaryacin.

Ya buɗe akwati, ya yi leƙen da ya saba, bai samu komai ba sai rabin layi. Ya zaga tsakar gida, ya sake zagawa. Daga bisani ya tsaya a ƙofar kicin da na ukun a hammata.

"Begum... wuƙar nan tana kusa?"

"Wacce? Wadda ta kashe ka?"

"Ki dai wanke ta."

"Kureshi sahib fa?"

"Kureshi ya sha shayinsa. Ni so nake in san ko ta dawo."

Ita ta yanka, yana tsaye a kanta yana ta "a hankali, a hankali". Lahadin da likita ya sallame shi, ya zaunar da Kureshi ya ba shi labarin tun daga farko har mai shayi ya fara tattara kofuna, ya tsaya daidai inda yarinyar ta hau keken dokin, ya ƙi gaya masa ƙarshen.