Ranar Da Muka Ɓoye Gatura

Ranar Talata ce, cikin bazara, lokacin da ɗorawa ta nuna. Na dawo daga sallar asuba na zauna ƙofar ɗaki ina shafe sabuwar amyar zuma da kashin shanu. Matata Saratu tana dama kunu, da goyo a bayanta. 'Yarmu Hauwa, mai shekara shida, tana korar kaji daga shanyar kalwa. Inna tana kan tabarma gindin rumbu, ta miƙe ƙafafunta da suka daina ɗaukarta tun damina biyu da suka wuce. Yayana Garba yana bayan danga da rediyonsa. Tun rasuwar matarsa tukunyarmu ɗaya.

Ƙauyenmu Tungar Amya gida goma sha ɗaya ne a bakin gandun daji, tafiyar awa biyu a ƙafa daga Adabka. Baƙo yakan ce daji duk daji ne. Mu ba ma cewa haka. Yamma da gidaje akwai saura, tsoffin gonaki da sabara ta cinye. Daga nan sai farin daji na ɗorawa da kaɗe da marke, inda ake hango mutum daga nesa. Sai fako, ƙasa mai tauri da ko ciyawa ba ta kama. Can ƙasa, inda rafi ke bi, kurmi ne, mai duhu ko da rana tsaka. A nan na rataye amya ashirin da uku.

Kakanninmu suna wurin kafin a shata gandun. Da aka kafa turakun siminti, sai suka ratsa tsakanin gidajenmu da kurmi. Aka ba kakanmu takarda mai hatimi, rubutun Turanci. Babu mai iya karanta ta a cikinmu. Garba ya gaje ta, yana ajiye ta cikin gwangwanin madara, a nannaɗe da tsumma.

Malaman daji, masu tsaron gandun, kan zo mana a babur ta hanyar Adabka, galibi lokacin ɗorawa. Duk gatari ko adda da suka gani, sun ɗauke ke nan. Su ne kuma suka hana mu gayyar share turbar kurmi, wadda ke fitar da mutum babbar hanya ta baya. Shekara bakwai ba a sa mata ƙarfe ba. Saboda haka muka saba da abu ɗaya. Da an ji babur, maza su tara gatura da adduna cikin buhu, a zura tsohuwar rijiya da ta ƙafe, a rufe bakinta da kara. Mata su shigar da kalwa da zuma ɗaki. Garba kuwa ya zura farar rigarsa, ya ɗauki gwangwani, ya tarye su gindin tsamiyar bakin gari, ya riƙe su da doguwar gaisuwa har mu gama. Su duba takardar, su mayar masa, mu sallame su da kwalbar zuma.

Mun san labarin 'yan bindiga. Mun ji abin da suka yi wajen Anka. Amma mun ɗauka idan za su zo, daga cikin daji za su ɓullo, kuma da yawa. Sannan ranar kasuwar Adabka an ce malaman daji suna tafe su sake fentin turaku.

Ƙarfe bakwai rediyon Garba ya fara labarai. Ba a gama kanu ba muka ji babur. Biyu ne, daga arewa, ta hanyar Adabka. Garba ya leƙo ta kan danga yana gyara hula.

"Baƙinmu sun iso. Ilu, ku yi ta ƙarafa. Kuma zuman bara za ka ba su, ba na bana ba."

Na yi dariya. Na bi gida gida da buhu. Gatari bakwai, adda biyar, har da tawa da na kwance daga ƙugu. Na kai bakin rijiya, na ɗaura igiya, na fara zurawa.

Igiyar tana hannuna na ji ƙarar farko. Ba irin ta bindigar maharba ba ce. Sau uku a jere, kamar ana karya busasshen kara. Na saki igiyar. Na ji buhun ya bugi ƙasan rijiya.

Daga bakin rijiya ana hango tsamiya. Garba yana kwance rub da ciki, farar rigarsa ta baje. Gwangwanin yana gangarawa. Mutum huɗu ne tsaye a kansa, da kaki a jikinsu, fuskokinsu a rufe da rawani. Sai kuma wata ƙara ta taso daga kudu da gabas, kamar injin niƙa goma a lokaci ɗaya. Waɗancan biyun 'yan share fage ne kawai.

"Kowa ya fito!"

"Ku kwanta! Ina shanu?"

Na ruga gida. Saratu tana tsakar gida da ƙwaryar kalwa a hannu, za ta kai ɗaki.

"Aje ƙwaryar nan! Kama Hauwa! Kurmi!"

Na durƙusa na ɗauki Inna a baya, Saratu ta ɗaure mu da zane kamar goyo. Inna ba ta da nauyi. Bakinta yana daidai kunnena.

"Ina Garba?"

"Yana tahe, Inna."

Muka fita ta bayan danga. A saura sabara ta kai ƙugu, muka bi ta a sunkuye. A bayanmu shanu suna kuka, mata suna kiran sunayen 'ya'yansu. Na ji ƙaurin bunu yana ƙonewa.

Farin daji bai ɓoye mu ba. Busasshen ganye yana tona kowane taku. Babur kuma yana ratsa tsakanin itatuwan kamar kan titi. Na ga an tare mutum biyu gindin wani kaɗe an durƙusar da su. Ban tsaya na gane su ba. Muka riƙa gudu daga wannan gindi zuwa wancan, mu tsaya, mu saurara, mu sake gudu.

A bakin fako muka tsaya. Babu inuwa, babu ciyawa, sai fili har bakin kurmi. Na ce wa Saratu kada ta waiwaya. Muka shiga. Muna tsakiya ƙasa ta tashi gefen ƙafata, sannan na ji ƙarar. Takalmin Hauwa ɗaya ya cire. Ta juya za ta ɗauka, uwarta ta fizgo ta. Inna ta ce in aje ta, ita ta ci zamaninta. Na ƙara sauri.

Wajen ƙarfe takwas muka faɗa kurmi. Sanyi ya buge mu, da duhu. Na nemi tsohon itacen majen da babanmu ya sassara alama a jikinsa, don a nan bakin turba yake. Na same shi. Turbar ce babu. Gumbi da sarƙaƙiya sun haɗe daga ƙasa har sama da kaina. Hannuna ya tafi ƙugu da kansa. Adda tana rijiya.

Da adda, wannan aikin ɗan lokaci ne. Na kwance Inna na shimfiɗa ta kan zane. Na kwanta rub da ciki na kutsa ƙarƙashin ƙaya, in tura reshe da kafaɗa, in karya wanda ya karyu da hannu, in dawo in jawo zanen. Saratu tana turo ƙafafun Inna daga baya. Hauwa tana rarrafe tsakaninmu. Ƙayar gumbi ƙugiya ce, idan ta kama ba ta saki sai da nama. Cikin awa guda ba mu wuce inda jifa za ta kai ba.

Wajen ƙarfe tara babur biyu suka tsaya bakin kurmi. Aka kashe inji. Muna kwance gindin wata kanya da na rataye amya uku a kanta. Na ji takun takalma kan ganye. Na ji ɗaya yana tari.

"Ku hito! Mun gan ku!"

Ba su gan mu ba. Da sun gan mu ba za su yi magana ba. Saratu ta juyo da goyo gaba ta sa masa nono ta rufe shi da mayafi. Na cire rigata na lulluɓe Hauwa, na danne bakinta da tafin hannu.

Suka buɗe wuta cikin duhun, dama da hagu. Ganye yana zubo mana. Harsashi ɗaya ya sami amyar da ke samanmu. Ta tsage, saƙa ta faɗo kusa da kan Inna, ƙudan zuma suka tashi.

Na san ƙudan zuma tun ina yaro. Wanda ya motsa shi suke bi. Na raɗa musu kada kowa ya kaɗa hannu. Suka sauka a bayana da wuyana. Ina jin kowane harbi, ina jin haƙoran Hauwa cikin tafina. Fuskar Inna a buɗe take, kuma ba ni da hannun da zan rufe ta. Na ga sun cika mata goshi da fatar ido. Ta cusa gefen zane a baki ta cije. Ko nishi ba ta yi ba.

A bakin kurmi aka fara zagi da marin jiki. Wani ya yi ihu. Takalma suka ruga, inji ya tashi, ɗayan ma ya tashi. Ƙarar ta yi nisa ta koma wajen gari. Muka ci gaba da kwanciya har kukan ƙudan ya ragu. Sannan na zare wa Inna ƙarin ƙudan da ke fuskarta ɗaya bayan ɗaya da farce.

Muka ci gaba da jan ciki. Da rana ta take tsaka muka kai rafi. Ya ƙafe. Na tona yashi da hannu har ruwa ya tsatso, muka jira ya kwanta, na ɗiga wa Inna a baki. Daga nan muka bi cikin rafin, don yashi ba shi da ƙaya.

Azahar ta yi muka fito babbar hanya. Turbar da a da nake bi kafin kunu ya huce ta cinye mana awa shida. Fuskar Inna ta kumbura har idanunta sun rufe. A gefen hanya muka tarar da Bello, Bafulatanin da rugarsa ke maƙwabtaka da mu. An kore masa shanu duka, sandarsa ce kawai a hannunsa. Ya miƙa wa Saratu gorar ruwa, ya durƙusa ya karɓi Inna a bayansa.

Ana kiran la'asar muka shiga Adabka. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma a wani zaure, aka shafa mata toka da man kaɗe. Na zauna kusa da ita. Ta laluba ta kama hannuna.

"Ba ya tahe, ko?"

"Ba ya tahe, Inna."

Ta saki hannun. Ta nemi a juya ta gabas.

Kwana uku bayan nan muka koma tare da jami'an tsaro. Rumbuna sun zama toka. Mun binne mutum biyar. Garba yana inda na gan shi. Ya riga ya buɗe gwangwanin, takardar tana ƙarƙashin ƙirjinsa, gefenta ɗaya ya rine. Na ɗauke ta, na tsinto gwangwanin. Na leƙa rijiya na ga buhun can ƙasa da igiyarsa a kai. Ba mu da abin jawo shi, kuma an ce mu yi sauri.

Yanzu muna Gummi, gidan wan Saratu. Ina aikin shinkafa a fadamar mutane. Da yamma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci. Wata rana bayan an tashi na kai wa malaminmu takardar. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, yana mayar mini da Hausa. Ta ce mutanen tunga, su da zuriyarsu, suna da ikon ɗibar ɗorawa da kaɗe da zuma a cikin gandun. Suna da ikon saran busasshen itace don amfanin gida. Suna da ikon share turbarsu ta kurmi kowace shekara.

Na ce ya maimaita mini layin ƙarshe. Ya maimaita. Na gode masa, na naɗe ta na mayar cikin gwangwani.

Inna tana raye. Idonta na hagu bai sake buɗewa ba. Ɗakinmu yana bakin titi, babura suna wucewa wuni guda. Wani lokaci idan ɗaya ya tsaya ƙofar gida takan ɗago kai ta ce, "Ilu, ƙarafa." Nakan ce mata an ɓoye.

Gatari bakwai da adda biyar suna cikin rijiya. Amya ashirin da biyu suna rataye a kurmi, bazara biyu ba a ɗebi zumansu ba. A da mu shida muke cin tukunya ɗaya. Yanzu Saratu tana auna na mutum biyar.