Nonon da Ban Sha Ba

Ni dai ban taɓa shan nonon Innarmu ba, ko ɗigo. Ana gama raba goron sunana aka naɗe ni a zane, aka kai ni Birnin Kudu wurin Gwaggo, ƙanwar babanmu, wadda take goyo a lokacin. Inna ta zauna a Gwaram tana ɗaure ƙirji har nonon ya kafe.

Ba ƙi na ta yi ba. Ciwon daji na mama ya ɗauke kakarmu, ya ɗauke yayar Inna da ƙanwarta. Sai tsofaffin gidanmu suka yanke cewa a nono ake tsotsarsa. Yayata ta riga ta sha, aikin gama ya gama, amma ni za a fitar da ni. Duk hutun da na je gida sai Inna ta ƙare mini kallo ta ce, "Ke kam kin tsira." Na yarda da maganar nan kamar yadda na yarda da sunana.

Da ciwon ya kama Yaya, ni na yi jinyarta a Kano. Wata likita ta tambayi tarihin gidanmu, ina lissafo mamatanmu tana girgiza kai, sannan ta ce a gwada jinina. Na ce, "Likita, hutar da kanki, ni ban sha nonon ba." Ta ce ba ruwan nono. Wai a jikin kowa akwai ƙwayar halitta mai aikin gyara duk ɓarnar da ta auku a ciki, kamar mai ɗinke ɓaraka. Tamu a lalace ake gadonta, daga uwa ko daga uba, tun mutum yana ciki. Wata ta gada, wata ba ta gada ba.

Sakamakon bai fito ba sai bayan mun binne Yaya. Na gada. Aka ce ba lallai ciwon ya zo ba, amma in riƙa zuwa ana duba ni, ko in yarda a cire mini nonuwan duka biyun tun ina lafiya lau. Jama'a, wane irin zaɓi ne wannan? Gaba kura, baya sayaki. Kullum in na shiga wanka sai na lallaba jikina ina tsoro. Maigidana ya sani, amma Inna na kasa faɗa mata.

Bara 'yar marigayiya Yaya ta haifi mace a Dingaya, ni ma ina goyon autana. Muka je barka. Ɗaki cike da mata, mai jego tana shan kunun kanwa, jaririya maƙale a ƙirjinta. Inna ta shigo tana dogara sanda, ta ce, "Cire mata! Bayan suna a ba wa wannan, nononta mai kyau ne." Ni take nunawa.

Yarinyar ta rungume 'yarta ta fashe da kuka. Wallahi ji na yi ɗakin ya yi mini kaɗan. In na yi shiru a raba uwa da 'ya a banza, in na yi magana in karya tsohuwa. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Na ja Inna bayan rumbu, na durƙusa. Na ce, "Inna, ba a nono yake ba. An gwada ni, ni ma ina ɗauke da shi."

Ta sunkuyar da kai. Na ɗauka faɗa za ta yi, ta ce ƙaryar likitoci ce, da ma hakan ta yi, da ya fi mini sauƙi. Sai ta ɗago a hankali ta ce, "To, ni me ya sa na ba da ke?"